Sarkin Ƙarfi: Laƙabi, Labari da Ta'aziyyar Jarumin Fim a Bakin Hausawa

Gabatarwa

Ranar 24 ga Nuwamba 2025 wani tsohon ɗan wasan fim na ƙasar Indiya mai suna Dharmendra ya mutu a birnin Mumbai, saura mako biyu cif ya cika shekara 90 da haihuwa. Ba da Hausa aka yi finafinansa ba, ba kuma don Hausawa aka yi su ba, amma duk da haka yana da suna na Hausa wanda ya daɗe a bakin mutane, watau Sarkin Ƙarfi. Akwai dattawa da yawa a ƙasar Haɗeja waɗanda in ka ambata musu sunansa na yanka sai su yi jim suna tunani, in kuwa ka ce Sarkin Ƙarfi nan da nan fuska ta washe, labari ya ɓarke.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wannan suna, da irin labaran da masoya kan yi ta yaɗawa game da mai sunan da takwarorinsa, da kuma kalmomin da suke zaɓa sa'ad da ɗayansu ya mutu. Na sani wani daga cikin abokan aiki zai ce wannan hirar teburin mai shayi ce, ba ta cancanci shafukan mujalla irin wannan ba. Amsata gare shi ita ce, kirarin 'yan dambe da na mafarauta ma ba a zauren malamai aka ƙaga su ba, sai da aka samu waɗanda suka ɗauki alƙalami suka bi su dandali sa'an nan suka zama abin nazari. Abin da ya fi wannan damuna shi ne, gidajen silimar da aka raɗa waɗannan sunaye a cikinsu yawanci sun rufe, mutanen da suka raɗa su kuma yau sun ba sittin baya.

Yadda fim ya iso Birniwa

Birniwa tana arewa maso gabashin ƙasar Haɗeja, a kan jigawar da ke kallon fadamar Kogin Haɗeja daga tudu, inda Hausawa da Mangawa da Fulani suke zaune tare. Har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, cikin Jihar Kano take. Abin da ya haɗa ta da duniya tun farko shi ne hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kano ta bi ta Ringim da Gagarawa da Malammadori ta isa Nguru a 1930. Don gyaɗa da fatu aka shimfiɗa dogon, amma jirgin da ya kai buhu Kano ba ya komowa wayam. Yana komowa da mutane, mutane kuwa da labari suke tafe.

A Kano an buɗe silimar Rex a 1937, Palace kuma a farkon shekarun 1950, daga baya wasu suka biyo, irin su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba. Kwarori ne suka riƙe harkar shigo da finafinai, su ne kuma suka gwada kawo na Indiya tun cikin shekarun 1950, suka ga kasuwa ta karɓa fiye da yadda suka zata. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano cikin shekarun 1990, ya nuna cewa a lokacin dare biyar a mako na Indiya ne a gidajen silima, dare ɗaya na Canis, ɗaya na Amurka. Mutumin karkara kuwa abin da ya fara sani shi ne majigi, wanda hukuma ke yawo da shi gari gari don wayar da kai.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya lura da wani abu da ya bambanta Birniwa da Kano. Yaron Fagge da idonsa ya ga Sarkin Ƙarfi. Yaron Birniwa na shekarun 1970 kuwa sau da yawa da kunne ya fara saninsa, daga bakin ɗan cin rani da ya komo gida gab da faɗuwar damina, ko yaron mota, ko ɗan makarantar kwana da ya zo hutu. Watau jarumin ya iso garin ne a matsayin labarin baka, kamar yadda labarin mazan jiya yake isowa, tun kafin hotonsa ya iso. Sai da bidiyo ya yaɗu, aka buɗe gidajen kallo masu aiki da janareto, sa'an nan gani ya kori ji. Ni kaina a irin wannan gida na fara ganinsa a farkon shekarun 1990, muna zaune kan tabarma, kaset ɗin ya sha kallo har hoton yana rawa. Na kuwa tuna ban gamsu ba, domin wanda yayyenmu suka siffanta mana ya fi wanda na gani a akwatin tsawo da faɗin ƙirji nesa ba kusa ba.

Mai sunan

An haifi Dharmendra ranar 8 ga Disamba 1935 a wani ƙauye na lardin Ludhiana a jihar Punjab, mahaifinsa malamin makaranta ne. Fim ɗinsa na farko ya fito a 1960, ya kuma yi fiye da 300 kafin ya mutu. Da finafinan soyayya ya fara, har zuwa 1966 da ya fito a Phool Aur Patthar, inda ya zama ɓarawon da ya shiga garin da annoba ta watsa don ya yi sata, ya tarar da wata bazawara da aka yasar tana jinya, ya tsaya ya kula da ita. Daga nan tauraronsa ya koma na faɗa. A Mera Gaon Mera Desh na 1971 ɗan sane ne da ya tsaya wa ƙauye a kan 'yan fashi. A Sholay na 1975, wanda ya shekara biyar ana nuna shi a silima ɗaya a Bambai, shi da Amitabh Bachchan ɓarayi ne biyu da wani tsohon ɗan sanda ya ɗauka haya su kamo masa ƙasurgumin ɗan fashi Gabbar Singh. Ya auri abokiyar wasansa Hema Malini a 1980, ya zauna majalisar dokokin Indiya daga 2004 zuwa 2009, 'ya'yansa maza biyu, Sunny da Bobby, su ma sana'ar suka gada. Wannan ya isa game da rayuwarsa. Abin da zan roƙi mai karatu ya riƙe shi ne, a finafinan nan uku duk ɓarawo ne da ya juya ya zama garkuwar raunana.

Laƙabin

Larkin ya kawo sunaye uku a rubuce-rubucensa na 1997: Sarkin Ƙarfi ga Dharmendra, Ɗan Daba Mai Lasin ga Sanjay Dutt, da Mace ga Rishi Kapoor. Ya kawo su ne don ya nuna yadda finafinan Indiya suka shiga jinin mutanen Kano, bai tsaya kan ginin sunayen ba, domin ba shi ne abin da ya sa gaba ba. Mu kuwa a nan aikinmu yake.

Da farko dai ya kamata a raba abu biyu. Akwai hausantar da suna, akwai kuma raɗa laƙabi. In Bahaushe ya ce Amita Bacan, ko Burusli, ko Sharukan, ba abin da ya yi illa daidaita baƙon suna da tsarin gaɓar harshensa: ya saka wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, ya yar da baƙin ƙarshe da ya yi masa nauyi. Wannan aikin harshe ne, ba ya ɗauke da hukunci. Laƙabi kuwa hukunci ne. Wanda ya raɗa shi ya kalli mutum ya auna shi, ya zaɓi siffa ɗaya daga cikin siffofinsa ya ce da ita za a san shi.

Ginin "sarkin kaza" yana zuwa ta fuska uku a Hausa. Akwai wanda ake jingina wa ƙasa ko gari, kamar Sarkin Haɗeja. Akwai wanda ake jingina wa sana'a ko jama'a, kamar Sarkin Pawa da Sarkin Noma da Sarkin Maƙera, da Sarkin Ruwa wanda duk mai zama bakin Kogin Haɗeja ya san ba a shiga su a wasu wurare sai da izninsa. Waɗannan biyun sarautu ne na naɗi, da rawani da gado. Na ukun shi ne wanda ake jingina wa hali, kamar sarkin surutu, sarkin ƙarya, sarkin tsoro, sarkin haƙuri. Wannan ba mai naɗa shi, yawancinsa kuma zolaya ce ko zambo, ana kuma iya samun sarkin surutu goma a unguwa ɗaya ba wanda ya tsare wa wani wuri.

Ta fuskar gini, Sarkin Ƙarfi na kashi na uku ne, tun da ƙarfi siffa ce. Amma ta fuskar amfani ya yi ƙaura zuwa kashi na biyu. Babu zolaya a cikinsa. Mutum ɗaya ne ke riƙe da shi, har ya zamana in an faɗe shi a zancen fim ba a tambayar wa ake nufi, alhali kuwa ga Amitabh, ga Vinod Khanna, ga Burusli, kowannensu yana dukan mutum goma a fim. Har ma da gado ya shigo ciki, domin da ɗansa Sunny ya taso da irin faɗan uban, abin da na riƙa ji a gidan kallo shi ne "gado ya yi", kamar yadda za a faɗa wa ɗan Sarkin Pawa in ya iya fiɗa. Ke nan 'yan kallo sun ɗauki ginin zolaya sun yi naɗi da shi.

Sa'an nan ba su ne suka ƙagi kalmomin ba, sun tarar da su a ajiye. Kowane Bahaushe ya san karin maganar nan mai cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A cikin karin maganar sarkin ƙarfi shi ne wanda aka kayar, an ambace shi ne kawai don a nuna iyakarsa. A ganina a nan daɗin sunan yake. Fim ɗin faɗa ba abin da yake nunawa dare bayan dare illa kishiyar wannan karin magana: mutum ɗaya a tsakiyar fage, ashirin sun kewaye shi da sanduna da wuƙaƙe, kafin a jima duk suna ƙasa. Talakan da ya biya kuɗin shiga ya san sarai a rayuwa ba haka abin yake ba, ya san mai jama'a da mai kuɗi da mai hukuma su ke cin nasara. Na awa uku sai ya ga an juya masa maganar magabata, sarkin ƙarfi ya fi sarkin yawa. Da ya tashi raɗa wa mutumin suna bai nemi wata sabuwar kalma ba, ya cire kayayyen nan daga cikin karin maganar ya ɗaura masa rawani. Mutanen Indiya, da suka tashi yi wa wannan ɗan wasa laƙabi mai wannan ma'ana, daga Turanci suka aro, suka ce masa He-Man. Nasu ya tsaya ga siffar jiki, namu yana jan tsohuwar muhawara a bayansa.

Ba kuwa wannan ne karo na farko da Hausa ta karɓi baƙon ƙaƙƙarfa ta sa masa riga ba. Littafin Ahmadu Ingawa, Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ya fito a 1951, tushensa labarin wani gwarzon Rasha ne mai suna Ilya Muromets, amma ɗaliban da suka karanta shi a firamare ba su taɓa jin baƙo ne ba. Kafin shi akwai Ganɗoki na Bello Kagara a 1934. A dandali kuma ga 'yan dambe irin su Shago, wanda waƙar da Ɗan Anace ya yi masa ta kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Ƙasar Haɗeja kuwa ba a koya mata yabon maza. Ita ce ƙasar Sarki Buhari da ya gagari Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, ita ce kuma ta tari Turawa da yaƙi a 1906, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama. Kunnen da ya tashi da irin waɗannan labaru yana da gurbin da zai ajiye Sarkin Ƙarfi tun kafin ya zo.

Amma fa akwai inda wannan yabo ya saɓa da wanda muka saba nazari. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1957 kan roƙo, ya nuna cewa yabon maroƙi ciniki ne: ana yi wa mutum a gabansa, a bainar jama'a, don a tabbatar da matsayinsa, shi kuma ya biya. A nan kuwa wanda ake yabo bai san ana yi ba, mai yabon ne ma yake biya a bakin ƙofa. Ba kyauta, ba tsoron zambo, ba neman kusanci da fada. Saboda haka ina ganin laƙabin 'yan kallo ya fi na maroƙa nuna abin da ke zuciyar mai faɗa, tun da ba abin da zai ci da shi.

Abin da ke zuciyar kuwa yana da ban mamaki in aka gwada shi da abin da muke koyarwa a aji. A laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya jera halaye goma da ya ce da su Bahaushe ke auna mutum: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu ƙarfi a ciki, babu jarunta. Ga shi kuwa samarin da aka rena da wannan ma'auni sun naɗa ɓarawon fim sarki, sun kira wani ɗan daba cikin sha'awa. Wani zai ce lalacewar tarbiyya ce. Ni ban ɗauka haka ba. Mu duba "mai lasin" ɗin nan da kyau. Lasin takardar izni ce ta hukuma, irin ta tuƙi ko ta riƙe bindiga. Ɗan daba mai lasin shi ne wanda aka halatta wa ta'adi, domin a kan azzalumi yake sauke shi. Ma'aunin mutumin kirki na zaman lafiya ne, bai faɗi abin da za a yi ba ran da 'yan fashi suka shigo ƙauye, mai gari ya ɓuya, ɗan sanda ya yi nisa. Gurbin nan ne ɗan tauri da mafarauci suke cikewa a gargajiyance, ana tsoronsu ana kuma bukatarsu, ba a dai ba su 'ya da daɗin rai. Shi ne kuma gurbin da jarumin fim ya faɗa. Wanda ya san halin da ƙauyukan Arewa suka shiga da 'yan bindiga a 'yan shekarun nan ba zai kalli Sholay da idon da muka kalle shi muna yara ba.

Na Rishi Kapoor ba ya bukatar dogon bayani. Ɗan wasan soyayya ne mai taushin fuska, ya kuma taɓa fitowa cikin shigar mata a Rafoo Chakkar na 1975. Sunan zambo ne, yana kuma tuna mana cewa zauren silima na maza ne, da ma'aunin maza aka yi raɗin.

Kalmar "jarumi" ita kanta ta ji jiki a wannan tafiya. Asalinta mai ƙarfin zuciya a fagen fama. 'Yan kallon farko ba ita suke amfani da ita ba, "akta" suke cewa, abokin gabarsa kuma "bos", ina kuma kyautata zaton fim ɗin Burusli na 1971, The Big Boss, ya taimaka wajen kafa wannan ta biyun. Da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, mujallu irin su Tauraruwa da Fim suka bayyana a ƙarshen shekarun 1990, sai "jarumi" ta maye gurbin "akta", ta kuma faɗaɗa har ta rufe duk wanda ya tsaya gaban kyamara. Yau muna da jarumin barkwanci, muna da jarumar da ba ta taɓa kashe ko sauro a fim ba. Ba na cikin masu cewa a hana harshe tafiya, amma ina jin takaicin cewa ɗalibin da ya karanta labarin 1906 ya ga an ce jarumawan Haɗeja, sai an tsaya an yi masa bayani.

Labari

A zamanin da ba fassara, kowane rukunin 'yan kallo yana da mai ba da labari, wanda ya ga fim ɗin sau biyar ko goma, yana zaune tsakiya yana faɗin abin da ake cewa. Ba Indiyanci yake ji ba, fuska da murya yake karantawa, sauran ya cike da nasa. Shi ne kuma majiyar duk wani labari game da rayuwar 'yan wasan, wane ƙanen wane ne, wa ya auri wa, wa ya fi wa kuɗi. Wani abin gaskiya ne, ya tsinto daga bayan kwalin kaset ko tsohuwar mujalla. Wani kuwa daga cikin fim ɗin ya ɗebo shi ya mayar rayuwa, har a rantse maka cewa wane da wane ba sa ga maciji, don kawai an gan su suna faɗa a allo.

Daga cikin ƙa'idojin da wannan makaranta ta kafa, babba ita ce akta ba ya mutuwa. Yaro ma ya san ta, da ita ake kwantar wa sabon ɗan kallo hankali in ya ga an ɗaure jarumi an rataye. Shi ya sa Sholay ya zauna a zukata, domin a cikinsa an karya ƙa'idar rabi: Amitabh ya mutu, Dharmendra ya rayu.

Burusli ne ya fi kowa gwada ƙarfin wannan ƙa'ida. Ya mutu a Hongkong ranar 20 ga Yuli 1973 yana da shekara 32, fim ɗin da ya fi ɗaukaka shi, Enter the Dragon, bayan mutuwarsa ya fito. Ke nan yawancin Hausawan da suka so shi, mamaci suka so ba su sani ba. Binciken hukuma ya ce kumburin ƙwaƙwalwa ne ya kashe shi bayan ya sha wani maganin ciwon kai, amma wa zai yarda ƙwaya ɗaya ta kayar da mutumin da sarƙa ba ta ɗaure shi? Sai aka ce guba aka ba shi, aka ce malamansa ne suka halaka shi don ya tona asirin faɗa, aka ce ma yana nan da rai. Masu shirya finafinai kuma suka ƙara wa wutar itace. Sun fito da masu kama da shi da sunaye irin su Bruce Li da Bruce Le, waɗanda a kunnen Bahaushe duk Burusli ne. A Game of Death na 1978 kuwa labarin kansa na jarumin da ya yi mutuwar ƙarya ne, aka kuma saka hotunan jana'izarsa ta gaskiya a ciki. Wanda ya kalli wannan ya fito ya ce Burusli bai mutu ba, ba za a kira shi wawa ba, abin da aka nuna masa ya karanta.

Kada kuma a ɗauka wannan ciwon marasa boko ne. Ranar 11 ga Nuwamba 2025, Dharmendra yana kwance a asibiti a Mumbai, manyan kafofin labarai na Indiya suka sanar da mutuwarsa, manyan mutane suka fara aika ta'aziyya, sai da matarsa da 'yarsa suka fito suka ƙaryata. Bayan kwana 13 ya mutu da gaske. Wanda ya yi ta'aziyya a karon farko ya ji kunya, a karo na biyu sai ya tsaya jiran tabbaci.

Ta'aziyya

A nan ne harshe ya shiga tsaka mai wuya. Hausa ba ta da kalma ɗaya tak ta mutuwa, tana da matakai. Dabba mutuwa take yi. Mutumin da ake girmamawa rasuwa yake yi, ko a ce Allah ya yi masa rasuwa, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko ya kwanta dama, daga nan ya zama marigayi. Wanda ake jin haushi kuwa sheƙawa lahira yake yi. A bakin mutane da yawa "rasu" da addu'ar da ke biye da ita na Musulmi ne, wanda ba Musulmi ba "mutu" ake ce masa. Mai karatu ya ga wadda na zaɓa a jimlar farko ta wannan maƙala, na kuwa daɗe ina juya ta kafin in rubuta.

Hukuncin addu'a ga wanda ba Musulmi ba na malaman addini ne, ba shi nake tattaunawa ba. Abin da ya shafe mu shi ne dabarar da mai magana yake yi sa'ad da zuciya ta ja shi gefe ɗaya, ƙa'ida ta ja shi ɗaya gefen. Mutum ya shekara arba'in yana son wannan ɗan wasa, "ya mutu" ta yi masa tsauri a baki, "Allah ya jiƙansa" kuma ya san za a yi masa ca. Sai ka ji ya ce "Allah sarki, Sarkin Ƙarfi", ya yi shiru. Ko ya ce "duniya ke nan", ko "an yi rashi", wadda ta raɓi "rasu" ta tushe ba tare da ta furta ta ba. Mafi yawa kuma sai addu'ar ta juyo kan mai yin ta: Allah ya sa mu cika da imani, Allah ya kyautata namu ƙarshen. An yi juyayi, an ambaci Allah, ba a kuma roƙa wa mamacin kome ba. Laƙabin ma yana aiki a nan, domin kiran mamaci da sarautarsa girmamawa ce da ba ta bukatar fatawa.

Ta wannan fuska ce nake fahimtar wani labari da ba ya ƙarewa a bakin masoya, watau cewa wane ya musulunta a ɓoye. An faɗe shi a kan 'yan wasa da mawaƙa da 'yan ƙwallo ba iyaka. Game da Dharmendra ma yana da ɗan tushe, domin jaridun Indiya sun daɗe suna yaɗa cewa ya shiga Musulunci don ya samu damar ƙara aure a 1980, ko da yake shi da bakinsa ya musanta haka a 2004 sa'ad da ya tsaya takara, da ya mutu kuma ƙona gawarsa aka yi bisa al'adar mutanensa. Mai yaɗa irin wannan labari ba tarihi yake bayarwa ba. Ƙofa yake nema da zai shigo da wanda yake so cikin gida, don ran da ya mutu ya samu bakin yi masa addu'a.

Yau yaron Birniwa a wayarsa yake kallon fim, an tura masa a shagon caji, jarumin kuma Hausa yake yi tsantsa, domin kamfanoni irin su Algaita sun ɗora masa murya. Mai ba da labari ya rasa aiki, sunayen da ake kiran 'yan wasa da su kuma sau da yawa daga ɗakin fassara suke fitowa a shirye, ba daga tabarmar 'yan kallo ba. Wannan ma abin nazari ne, amma wani abu ne dabam. Ɗalibin da ke neman batun digiri na biyu, in ya ga dama, ya ɗauki rikoda ya bi tashoshin tsohon dogon nan daga Malammadori zuwa Nguru, ya nemi tsofaffin direbobi da teloli da masu gyaran rediyo, ya tambaye su sunayen da suke kiran 'yan wasa da su, da wanda suka fara ji daga bakinsa, da fim ɗin da ya jawo sunan. Ya rubuta yadda suka furta, kada ya gyara musu. Kada kuma ya buɗe hirar da sunan Dharmendra, ko ya nuna hotonsa na tsufa da ya gani a jarida. Ya tambaya ko akwai wanda ya san Sarkin Ƙarfi, sa'an nan ya kunna rikodarsa.